Ƙahon da Na Kafa wa Tanko

Kun ce wanzanci ba wani aiki ba ne, ko? Kun jona injinku a wuta, ya yi ta ƙugi, ku goge kan mutum kafin ya gama gyara zama, ku fesa masa turare, shi ke nan wai kun zama wanzamai. To tunda an ɗauke wutar kuma kun yi jugum ba ku da abin yi, ku matso. Kai mai dariyar nan, da kai nake. Ni Isa Wanzam na Dangora, shekara bakwai na yi ina bin mahaifina kasuwa-kasuwa kafin ya bar ni na taɓa fatar ɗan Adam da aska.

Aikin farko da Baba ya ba ni shi ne wasa aska, kuma damina biyu na yi a kansa. In na wasa, sai ya karɓa ya gwada a gashin hannunsa, ya miƙo mini. Ba ya faɗa, ba ya duka, kallo kawai yake yi, amma wallahi gara mari da wannan kallon. Daga nan sai ƙaho. A cinyata na koyi kafa shi. Ƙahon saniya ne ƙarami, an fafe shi, an huda tsininsa. Ka ɗora faffaɗan bakin a fata, ka zuƙe iskar da bakinka, sannan ka tura ɗan guntun jijiyar saniya da ka tauna ta yi laushi, ka toshe hudar da harshenka, duk a numfashi ɗaya. In ka yi sake iska ta koma, ƙahon ya faɗo ƙasa, mutanen da ke zaune su yi maka dariya. Na sha wannan dariyar har na ƙoshi.

A zabirarmu akwai askar aski, da 'yar ƙaramar askar tsaga, da ƙahoni, da almakashi, da hantsakin cire haƙori, da dutsen wasa. Da su muke yawo Bebeji, Ƙofa, Kiru, har Tudun Wada, wani lokaci mu gangara wajen Doguwa in Fulani sun aiko. Askin suna namu ne, kaciya tamu ce, haƙorin da ya hana mutum barci namu ne. Amma abin da ya fi tara mana jama'a ƙaho ne, musamman bayan kaka, lokacin da manomi ya ga bayansa ya ƙi miƙewa. Ka'idar Baba guda ɗaya ce, kuma ya maimaita mini ita har ya koma ga Allah: ka tambayi mutum inda yake masa ciwo, inda ya ɗora hannu nan za ka kafa, kada ka yi gardama da mai jiki. Wannan ka'idar ta yi mini aiki a kan mutane da yawa. A kan mutum ɗaya ta ci amanata.

Tanko ɗan kawuna ne, wato taubashina, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Ba ya kirana da sunana sai "bawana", ni kuma in ce masa "ubangidana mai ƙaton ciki". Ƙato ne na gaske, manomin da in ya sunkuya da garma samari uku ba sa kamo shi. Yana son tuwo da man shanu har ya yi iyo, yana son kitsen tsire, lofensa kuwa ba ya rabuwa da bakinsa. Wannan magana da nake muku a shekarun hamsin ne, Turawa ba su tafi ba tukuna, ni kuma ban daɗe da gadon zabira ba.

Wata rana da hantsi, ana tsakiyar noman farko, ina zaune a gindin durumin ƙofar gidanmu sai ga Tanko ya dawo daga gona, abin da bai taɓa yi ba kafin azahar. Yana tafe yana tsayawa, gumi na zuba, ya riƙe kafaɗarsa ta hagu.

Ya ce, "Bawana, tashi ka yi wa ubangidanka aiki. Wani abu ya danne mini ƙirji kamar dutsen niƙa, kuma yana bin hannun nan har ƙaramin yatsa."

Na ce, "Tuwon jiya ne ya taso maka. Ina ya fi ciwo?"

Ya ɗora hannu a kafaɗa. Shi ke nan, na shimfiɗa masa tabarma ya zauna ya jingina da itace. Na shiga gida na ɗebo ruwa, na wasa aska, na wanke wurin na aske shi, na kafa ƙaho biyu na bar su su tara jini, na cire, na tsaga, na sake kafawa. Kun ga aikin ba na gaggawa ba ne, yakan ci kusan awa guda. Da na cire na ƙarshe na zubar da baƙin jini mai gudaji a ƙasa, na nuna masa.

Na ce, "Ka gani? Mataccen jini ne ya taru."

Ya juya hannunsa, ya ja dogon numfashi, ya ce, "Kai! Kamar an sauke mini kaya. Ashe bawan nan yana da amfani."

Na ce, "Tashi ka koma gonarka, ka warke."

Ya tashi ya koma. Ku riƙe wannan maganar, don na faɗa masa ita ya fi sau goma da bakin nan nawa.

Daminar nan ya zo sau biyar. Da rani ya yi sauƙi, sai in ya hau tudun kasuwa da sauri, ko ya ci ya ƙoshi ya tashi tafiya. Duk zuwan da zai yi haka ne: ya zauna, in yi aikina, ya miƙe garau. Tanko kuwa ba ya iya riƙe magana. Ya bi Kiru da Ƙofa yana cewa ƙahon Isa ya fi na ubansa. Mutane suka yi ta zuwa, har tsofaffin wanzamai suka fara hararata. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

Akwai wani ma'aikacin dispensa, wato ƙaramin ɗakin shan magani, a Tudun Wada, Malam Yusufu, mutumin Zazzau ne, ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin likitoci a asibitin birni kafin a kawo shi. Ni nake masa aski duk ranar kasuwa. Ran nan ina gyara masa gemu, bakina ya ƙi zama, na shiga ba shi labarin Tanko, don in nuna masa mu ma muna da namu ilimin. Sai ya kama hannuna ya janye askar daga wuyansa.

Ya ce, "Wanzam, ciwon yana zuwa masa in yana zaune?"

Na ce, "A'a, sai yana aiki."

Ya ce, "To ka tuna da kyau. Kafin ka tsaga yake lafawa, ko bayan ka tsaga?"

Na buɗe baki zan ce bayan na tsaga, sai na fasa. Domin na tuna: kullum ina cikin wasa aska Tanko yake fara tsokanata. Kafin ƙaho ya taɓa fatarsa ya riga ya daina gumi.

Malam Yusufu ya goge fuskarsa, gemu rabi a gyare, ya ce in biyo shi. Muka je rumfar mahauta, an yanka wani bijimin Fulani, ya karɓi zuciyar, ya ari wuƙa, muka tsuguna a bayan rumfa. Ya tsaga ta ya nuna mini ɗakuna huɗu, biyu ƙanana a sama, biyu manya a ƙasa. Ya ce ɓangaren dama yana tura jini huhu ya sha iska, ya dawo ɓangaren hagu, shi kuma ya tura shi jiki gaba ɗaya. Ya sa na taɓa bangon ɗakin hagu na ƙasa, kaurinsa ya ninka na dama, don shi ne mai aikin ƙarfi. Ya ce ta ɗan Adam ma haka take, sai dai ba ta fi dunƙulen hannu ba.

Sannan ya buɗe gindin babbar jijiyar da ke fita daga ɗakin hagu. Can ciki akwai 'yan ramuka biyu. Ya zari tsinken tsintsiya ya zura a ɗaya, sai na ga tsinken yana motsi ta bayan zuciyar, a ƙarƙashin kitse, yana bin wata siririyar hanya mai rassa.

Ya ce, "Ka ga zuciya cike take da jini dare da rana, amma ba ta ci daga wanda ke cikinta. Abincinta ta waɗannan 'yan hanyoyi biyu yake zuwa mata. Kamar mai lambu ne a bakin rafi, ga ruwa nan fal, amma albasarsa ba ta sha sai ta ɗan kwarin da ya haƙa mata."

Ya ce da shekaru, a jikin wasu mutane, wani abu mai kama da kitse yana taruwa a bangon hanyoyin nan, su tsuke. In mutum yana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya isa. In ya ɗauki garma, zuciya ta ƙara sauri, tana neman ƙari ba ta samu, sai ta yi ciwo. Ciwon kuma ba ya tsayawa a wurinta, yakan bi kafaɗa da hannun hagu, wani har muƙamuƙi. Mutum ya zauna, zuciya ta huta, ciwo ya tafi. Wata rana kuwa wurin da ya tsuke sai ya fashe daga ciki, jini ya daskare a kai ya toshe hanyar ruf. Naman zuciyar da ke gaba da wurin ya rasa abinci ya fara mutuwa. Wannan ko an zauna ba ya lafawa.

Na ce, "To ƙahon fa?"

Ya ce, "Tabarmarka ce take masa magani, Wanzam, ba ƙahonka ba. Jinin da kake zubarwa lafiyayye ne, a cikin ƙahon yake daskarewa. Gudan da za a ji tsoro yana can bayan haƙarƙari, inda ba ƙahon da zai kai."

Kunya ta kama ni, tsoro ya fi ta. Na tambaye shi abin yi. Ya ce Tanko ya ajiye garma, ya ajiye lofe, ya rage maiƙo, ya je birni likita ya duba shi, akwai wata 'yar ƙwaya da ake sawa ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso, shi ba shi da ita a nan. Ya ce ba warkewa ake yi ba, amma mai kiyayewa yakan ƙara shekaru, in Allah ya so. Ban ƙarasa masa gemun da kyau ba ranar.

Washegari da safe na sami Tanko a zaurensa yana gyara ƙotar fartanya. Na zayyana masa komai, har na zana masa zuciyar a ƙasa da yatsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tuntsire da dariya.

Ya ce, "Wato an nuna maka kayan cikin bijimi, ka dawo ka ce ni sa ne? Haba bawana! Ni na ji a jikina. Sau nawa na zo maka ina nishi na tashi ina dariya?"

Na ce, "Yaya Tanko, zaman ne. Wallahi zaman ne."

Jin na kira shi Yaya, abin da ban taɓa yi ba, ya ɗan tsaya ya dube ni. Sai ya ce, "Ina da baki tara a gidan nan. In na zauna, zaman ne zai cika rumbu? Birni kuwa na ji, bayan kaka za mu je. Kai dai ka riƙa wasa askarka."

Kun ga abin da na jawo? Shekara guda na yi ina gina masa yarda da ƙahon nan, da hujja a gaban idonsa, yanzu na zo da baki kawai in rushe. Ina! Ya fi yarda da hannuna a kan maganata.

Shekarar kuwa ta zo da wuya. Ruwa ya sauka da wuri aka yi shuka, sai ya ɗauke, dawa ta ƙone a ƙasa. Aka sake shuka a makare. Da ruwan ya dawo sai ya dawo gaba ɗaya, ciyawa ta taso ta rufe gonaki, noma da huɗa suka haɗe a wuri guda, kowa ta kansa yake yi. 'Ya'yan Tanko maza ƙanana ne, manyan duk mata ne an aurar. In bai huɗe gonarsa a makon nan ba, babu abin da zai girba. Sau biyu ya zo mini a kwana huɗu. Na kafa masa ƙahon ba tsagawa, na yi ta ja masa lokaci don ya daɗe a zaune, ina ta kawo hira. Ya gane, ya ce in na gama tatsuniyar zai tafi.

Sai na yi dabara. Na bi gida-gida, duk wanda na taɓa yi wa ɗansa kaciya ko askin suna na roƙe shi rana ɗaya, na haɗa wa Tanko gayya. Mutum kusan ashirin suka amsa, a shekarar da ba wanda yake da rana ta kyauta. Hajara matarsa ta dama kunu, ta yi tuwo. Na sa Tanko ya yi mini alkawari a gaban Liman cewa zai zauna a gindin ɗorawa ya yi kallo kawai. Kuma don aikin ya yi sauri na ɗauko mai gangar noma daga Ƙofa. Ni na ɗauko shi, da ƙafata na je.

Da safe aiki ya kankama. Garemani suna tashi suna sauka, ganga na tashi, samari na ihu. Tanko yana zaune, ni ina gefensa kamar mai gadi. Ina ganin ƙafarsa tana bin kiɗan. Makaɗin nan ya san shi tun yana saurayi, ya sha kaɗa masa a gayyar mutane. Shi a ganinsa rashin kunya ne a yi gayya a gonar mutum irin Tanko ba a taɓa takensa ba. Sai ya juyo ya nufo ɗorawa ya saki taken. Mutane suka ɗago suka ɗauki shewa, ana ta "Tanko! Tanko na Hajara!"

Na riƙe masa riga. Na ce, "Ka yi alkawari."

Ya ce, "Kunya ɗaya tak zan huɗe, bawana. A kaɗa takena a gonata ina zaune kamar mai jego? Sake ni."

Ya fizge, ya karɓi garma a hannun wani. Allah Sarki, ban taɓa ganin huɗa mai kyau irin wannan ba. Ya kai ƙarshen kunyar, ya juyo ya kama ta biyu. A tsakiyarta ya tsaya, ya dafa garmar, ya durƙusa.

Muka ɗauko shi zuwa inuwa. Gumi mai sanyi ya jiƙe shi sharkaf, fuskarsa ta yi fari-fari kamar toka, ya yi amai. Na jingina shi, na ce ya yi shiru ya huta, zai lafa kamar kullum. Muka jira. Na san tsawon lokacin da yake ɗauka, wa ya fi ni sani? Lokacin ya wuce, ya sake wucewa, ciwon sai ƙaruwa yake. Na taɓa wuyan hannunsa, bugun yana zuwa yana ɓacewa. Nan na san abin da Malam Yusufu ya faɗa ne ya zo. Wani ya ruga bakin hanya ko zai sami mota, amma ranar ba ranar kasuwa ba ce, hanyar kuma duk taɓo.

Tanko ya buɗe ido ya ce, "Isa."

Ranar ya fara kirana da sunana.

Ya ce, "Kawo ƙahonka mana. Me kake jira?"

Zabira tana rataye a kafaɗata. Na san ba zai yi komai ba, na sani sarai. Amma yana kallona, mutum ashirin suna kallona, kuma ba ni da wani abin da zan ba shi. Na buɗe, na wanke kafaɗar, wurin duk tabon tsagata ne, na kafa. Da ya ji ƙahon ya kama, sai na ga fuskarsa ta saki, ya ce, "Yauwa." Liman, wanda shi ma ya zo gayyar, ya matso yana laƙƙana masa kalmar shahada, ya amsa sau biyu. Ban kai ga tsagawa ba. Da hannuna na cire ƙahon daga jikinsa bayan an shafa masa ido.

Aka yi jana'iza da la'asar. Mutanen gayya suka dawo washegari suka ƙarasa huɗar, ba ganga. Gonar ta yi kyau shekarar, yaran ba su ji yunwa ba.

Na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba ko da rasuwar Baba, don Baba ban tura shi ko'ina ba. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, Liman ya faɗa mini, ni ma na faɗa wa wasu. Amma na kuma san sau nawa na ce wa mutumin nan ya tashi ya koma gona ya warke. Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da ciwon kafaɗa ko ƙirji, ba na tambayar inda yake ciwo kaɗai. Ina tambayar yaushe yake zuwa, yaushe yake tafiya. In ya ce da aiki yake zuwa da hutu yake tafiya, sai in rufe zabira in ce ya nemi asibiti. Da yawa sun yi fushi sun tafi wajen wani wanzamin. Har aka riƙa cewa Isa ya zama matsoraci.

Ranar sadakar bakwai na shiga cikin gida gaishe da Hajara. Na yi niyyar in faɗa mata gaskiya duka, na shirya maganar tun daga hanya. Tana zaune a kan tabarma cikin mata, ta rame. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, kafin in ce komai ta riga ni.

Ta ce, "Isa, Allah ya saka maka da alheri. Kullum yana faɗa, ba shi da kamar kai. Da ba don ƙahon nan naka ba, ai da tun bara muka rasa shi."

Matan suka ce, "Wallahi kuwa, Allah ya yi masa albarka."

Na dubi fuskarta. Wannan ne kaɗai abin da ya rage mata mai daɗi a cikin lamarin, cewa an yi masa duk abin da ya kamata. Na sunkuyar da kai na ce amin. Hajara ta yi shekara talatin bayansa, kuma duk Sallah sai ta aiko mini da tuwo.